'YAR MOTAR TSERE MAI SHAN NAITIRO: YADDA AKE HARHAƊA TA DA SAITA INJINTA

A ƙasashen Turai da Amurka da Gabas Mai Nisa akwai wata irin motar tsere wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, nauyinta kuma bai kai kilo 2 ba, amma idan ta sami miƙaƙƙiyar hanya mai kwalta tana iya zura gudu har kilomita 100 a awa guda. Ba kowa a cikinta. Direbanta yana tsaye ne can bisa wani dandamali, riƙe da na'urar rediyo a hannu, da ita yake juya sitiyari, ya ba da wuta, ya kama birki. Wanda ya hango ta daga nesa zai ɗauka abin wasan yara ne, sai fa in ya matso ya ji ƙarar da take yi mai kashe kunne, ya kuma shaƙi ƙaurin hayaƙinta, sa'an nan zai gane cewa inji ne na sosai a ciki, mai fistan da silinda da kafireta da salansa.

Ana ƙera waɗannan motoci ne bisa ma'aunin kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, watau irin motocin shiga na yau da kullum waɗanda ake gyarawa domin tsere. Faɗinta milimita 200 ne, injinta kuwa cikinsa cc 2.1 ne kacal, bai kai rabin cokalin shayi ba. Duk da wannan ƙanƙanta yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya, na gasa ma yakan kusanci 40,000, alhali kuwa injin motar da ma'aikaci yake zuwa ofis da ita da wuya ya wuce 6,000. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera irin wannan mota sun haɗa da Kyosho da Mugen Seiki na ƙasar Jafan, da Serpent na Holan, da Xray na Sulobakiya. Wajen inji kuwa, sunan da ya fi daɗewa shi ne O.S., kamfanin da Shigeo Ogawa ya kafa a Jafan cikin 1936.

Wasan yana da hukumarsa ta duniya mai suna IFMAR, wadda aka kafa a birnin Jeniba cikin 1979. Gasar duniya ta farko ta wannan rukuni mai faɗin milimita 200 an yi ta ne a ƙasar Birazil cikin 2004, inda Adrien Bertin ya ci da motar Kyosho. Zagayen ƙarshe na gasar duniya awa guda cur ake yi ba tsayawa, sai 'yan daƙiƙoƙin shan mai. To, abin tambaya a nan shi ne yadda ɗan ƙaramin ƙarfen nan yake jure wannan azaba har tsawon awa guda bai narke ba.

INJIN DA BA SHI DA WUTAR FULOGI

Injin irin mai bugu biyu ne, ɗan'uwan na ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Amma ba fetur yake sha ba. Mansa haɗi ne na abu uku. Mafi yawa a ciki shi ne metanol, wani nau'in sinadari mai kama da sifirit. Sai naitirometan, wanda daga sunansa aka samo kalmar naitiro. Na ukun shi ne man shafe ƙarafa, ko dai man zurma, ko wanda aka haɗa a masana'anta, ko kuwa gaurayen su biyun.

Amfanin naitiro yana ga lissafin iska. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai yana bukatar iska wajen kilo 14.7. Metanol yana bukatar kimanin 6.4. Naitirometan kuwa 1.7 ya ishe shi, domin yana ɗauke da nasa iskar oksijin a jikinsa. Tun da yake iskar da 'yar silindar za ta iya zuƙa a bugu ɗaya ƙayyadajjiya ce, man da ba ya bukatar iska da yawa shi ne za a iya ƙona mai yawa daga cikinsa a kowane bugu, daga nan kuma ƙarin ƙarfi yake fitowa.

Abin da ya fi ba da sha'awa shi ne yadda man yake kama wuta. Babu kwail, babu tartsatsi. A kan silindar akwai wani ɗan fulogi wanda a cikinsa aka naɗe siririyar waya mai haɗin ƙarfen filatinam. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940, domin injunan ƙananan jiragen sama na wasa. Lokacin tayar da inji sai a ɗora wa fulogin batir mai ƙarfin bolt ɗaya da 'yan kai, wayar ta yi ja zur. Da zarar injin ya tashi sai a cire batirin, amma wayar ba za ta huce ba, saboda zafin ƙonewar man, da kuma wata ɗabi'a ta filatinam, wadda idan tururin metanol ya taɓa shi sai ya ƙara zafi da kansa.

Ma'anar wannan ita ce, ba wata na'ura da take ƙayyade daidai lokacin da mai zai kama wuta. Zafin fulogi, da matsin da ke cikin silinda, da yawan naitiro, da yawan man da kafireta ta sako, su ne suke haɗuwa su yanke wannan hukunci sau ɗari biyar ko fiye a kowace daƙiƙa. Mai motar kuma ba shi da abin sa baki a ciki sai ɗan sukuddireba.

HARHAƊAWA

Motar gasa takan zo ne a kwali, gunduwa-gunduwa cikin ledoji masu lamba, tare da littafin bayani. Inji da salansa da na'urar rediyo da tayoyi da bodi duk dabam ake sayensu. Aikin harhaɗawa ba shi da wuyar fahimta ga wanda zai bi littafin shafi-shafi, sai dai akwai wurare kaɗan da gaggawa take jawo asara.

Duk kusar da za ta shiga cikin ƙarfe tilas a ɗiga mata gam na musamman mai hana warwarewa, domin girgizar injin tana kwance kusa cikin 'yan mintoci. Haƙoran giyar kuloci da na babbar giya kada su matse, kada kuma su yi sako-sako. Dabarar da aka saba da ita ita ce a sa 'yar takarda a tsakaninsu, a matsa injin, a ɗaure, sa'an nan a zare takardar. Shokazoba huɗun, waɗanda ake cika wa man silikon, lalle ne na hagu da na dama tsawonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba motar za ta riƙa shan kwanar hagu dabam da ta dama, mai ita kuma ya yi ta neman dalili inda ba ya nan.

Tayoyin huɗu duka suna ja, galibi ta hanyar bel. Akwai kuloci mai kama kansa idan juyin inji ya kai wani mizani, da giya biyu mai canza kanta, da birki mai faifai. Ƙananan injunan lantarki guda biyu da ake kira sarbo su ne hannuwan direba a cikin motar, ɗaya yana juya sitiyari, ɗaya kuma yana jan totur da birki. Bodin kuwa na wata roba ce garai-garai mai tauri, kuma daga ciki ake yi masa fenti don kada karo ya kankare shi.

Akwai wani ɗan sifirin da sababbin shiga suke rainawa, wanda aikinsa shi ne ya mayar da totur ya rufe idan batirin motar ya mutu ko wata waya ta cire. Motar da ta kuɓuce da wuta a buɗe ba ta tsayawa sai ta daki wani abu, abin nan kuwa yana iya zama idon sawun mutum. Saboda wannan dalili ne kuma ake kunna na'urar hannu kafin a kunna ta motar, a kuma kashe ta daga ƙarshe. A da, ana amfani da zangon rediyo irin na megahaz 27, inda mutum biyu da suka hau zango ɗaya za su rikita wa juna mota. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, wannan matsala ta kau.

HORAR DA SABON INJI

Fistan ɗin wannan inji ba shi da ringi. Na alminiyam ne, yana kai da kawowa cikin wani kwanso na tagulla wanda aka shafe cikinsa da kurom. An ƙera kwanson ne da ɗan tsukewa daga sama, ta yadda idan injin yana da sanyi fistan yakan cije kafin ya kai ƙarshe. Sai injin ya ɗauki zafi, saman kwanson ya buɗa, sa'an nan su dace da juna. Wannan ɗan cizo shi ne ran injin, domin shi yake riƙe matsi. Ranar da ya ƙare, injin ya tsufa ke nan.

Don haka sabon inji ba a fara shi da gudu. Masu gasa sukan ɗumama kansa da na'urar busar da gashi kafin su tayar da shi, don kada fistan ya yi ta gurzar kwanso mai sanyi, kwanrod kuma ya sha wahala a banza. Daga nan sai a bar shi ya sha tanki da dama da mai a wadace, ana tafiya sannu sannu, ana barinsa ya yi zafi ya huce, ya sake yin zafi ya huce. Duk sa'ad da aka kashe shi sai a juya fistan ya sauka ƙasa, don kada kwanson ya tsuke a kansa yayin hucewa. Aikin yakan cinye yini guda, ba kuwa abin burgewa a cikinsa. Amma wanda ya tsallake shi ya sayar da rabin kwanakin injinsa a kan gudun yamma ɗaya.

ALLURA BIYU DA KUSA ƊAYA

A nan ne gwani yake rabuwa da ɗan koyo. Kafiretar tana da wuraren saiti uku. Babbar allura ita take ƙayyade man da ke shiga idan an buɗe wuta duka. Ƙaramar allura tana kula da man da ke shiga lokacin da injin yake silo da lokacin da aka fara ba shi wuta. Sai kuma kusar silo, wadda take hana maƙogwaron kafiretar rufewa ruf, ta bar 'yar kafa ta kimanin milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Idan aka juya allura dama, mai ya ragu. Idan aka juya ta hagu, ya ƙaru.

Bari mu kira injin da mai ya yi masa yawa mai ƙoshi, wanda mai ya yi masa kaɗan kuma mai yunwa. Inji mai ƙoshi nauyin jiki gare shi. Yana tuttuɗo hayaƙi, yana tofar da ɗanyen mai ta salansa, muryarsa a shaƙe kamar mai kurkurar baki, ba ya kuma kai ƙarshen gudunsa. Idan aka rage masa mai kaɗan sai ya wartsake, murya ta washe, gudu ya ƙaru. Aka sake ragewa, ya ƙara gudu. Ga tarkon ke nan, domin kowane ragi yana biyan mai shi nan take, har ya zuwa wani wuri da ba a sa masa alama ba.

Mai karatu zai tuna cewa man shafe ƙarafa a cikin man sha yake. Wannan inji ba shi da wani tulun baƙin mai a ƙasansa, ba shi da lagireto, ba shi da fanka. Man da ke ratsa shi shi ne abincinsa, shi ne yake shafe boris da kwanrod da fistan, shi ne kuma yake kwashe babban rabo na zafinsa. Saboda haka wanda ya rage mai ya rage abu uku a lokaci guda. Inji mai yunwa yakan yi wani irin kuka siriri mai kaifi, hayaƙinsa ya ɓace, ya riƙa yankewa a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya ko kuwa ƙarfinsa ya faɗi bayan 'yan zagaye. Idan ba a kula ba sai wayar fulogi ta narke, ta faɗa cikin silinda ta kakkarce fistan, ko kwanrod ya karye ya fasa jikin injin. Abin da aka saya da kuɗi masu yawa ya zama tarkace cikin ƙiftawar ido.

Ka'idar da masu abin suka yarda da ita ita ce a fara daga ɓangaren ƙoshi a nufo daidai, ba a farawa daga yunwa. Sai injin ya yi zafi sosai ake taɓa allura. Babbar allura ake fara saitawa, kuma kaɗan kaɗan ake juya ta, kamar tafiyar hannun agogo daga ƙarfe ɗaya zuwa ƙarfe biyu, sa'an nan a zagaya fili sau biyu ko uku a ji abin da ya canza. Idan aka kai inda gudu ya daina ƙaruwa, sai a koma baya kaɗan wajen ƙoshi a tsaya a nan. Ya kamata a riƙa ganin siririn hayaƙi yana bin motar duk lokacin da ta fito daga kwana.

Ƙaramar allura tana da nata gwaji mai sauƙi. Injin yana silo, sai a matse tiyon mai da yatsu kusa da kafireta. Idan ya ci gaba na daƙiƙa uku ko huɗu, muryarsa ta ɗan ɗaga, sa'an nan ya mutu, to saiti ya yi kusa da daidai. Idan ya mutu nan take yunwa gare shi, idan kuwa ya daɗe yana yi, ya ƙoshi da yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar ƙaramar allura cikin ƙoshi, a buɗe kusar silo don rufe laifin, sa'an nan a matse babbar allura don neman gudu. Motar za ta yi kamar lafiya lau, alhali injin yana ƙonewa a kowace miƙaƙƙiyar hanya.

Ana amfani da ma'aunin zafi, ana auna daidai kan fulogi, kuma yawancin injuna suna aiki ne tsakanin digiri 95 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas. Amma a ganina wanda ya mai da lambar ma'auni ita ce alƙalinsa ya bar hanya. Ma'aunin gargaɗi yake yi kawai. Kunne da ido su ne suke saiti.

Saitin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Iskar safiya mai sanyi ta fi ta tsakar rana nauyi, tana ɗauke da oksijin mai yawa, don haka tana son ƙarin mai. Allurar da ta yi daidai da azahar tana iya zama yunwa bayan faɗuwar rana. Iska mai laima da iskar kan tudu mai bisa suna son a rage. Idan kuwa inji ya ƙi karɓar saiti sam, yanzu silo ya hau, an jima ya sauka, to kada a ci gaba da murɗa allura. Galibi iska ce take satar shiga ta wani wuri: tsagaggen tiyo, ko murfin tanki da bai rufu ba, ko wuyan kafireta, ko murfin bayan inji. Tankin kansa da matsin hayaƙin salansa yake tura mai, ta wani tiyo na biyu, saboda haka ƙaramin huji a nan ma ya isa ya ɓata kome.

ƘAFAFUN MOTA

Ƙarfin inji ba shi da amfani idan tayoyi ba su kama ƙasa ba. Tsakanin cikin motar da kwalta bai fi milimita 5 ko 6 ba. Ana ɗan karkatar da kawunan tayoyi ciki da digiri ɗaya ko biyu ko fiye, don su kwanta sosai a cikin kwana, tayoyin baya kuma ana sa gabansu ya ɗan dubi juna don kada bayan motar ya riƙa wutsiya. Kaurin man shokazoba da taurin sifirin duk ana canza su gwargwadon santsin fili. Dokar dai ɗaya ce, a canza abu guda a lokaci guda, a kuma rubuta shi a takarda.

Tayoyin gasa na soso ne, suna cinyewa ana cikin tafiya. Yayin da suke ƙanƙancewa motar tana ƙara matsowa ƙasa, lissafin giya yana sauyawa, na baya da na gaba kuma ba sa cinyewa daidai da juna. Wanda zai yi tseren awa guda tilas ya zaɓi girman taya da taurinta yana tunanin yadda motar za ta kasance a minti na hamsin. Tankin kuma cc 75 kawai doka ta yarda ya ci, abin da ba ya wuce kimanin minti biyar, saboda haka kowane direba yana da makanike a bakin fili wanda zai cafke motar, ya ɗura mata mai, ya sake ta. Sau da yawa a hannun wannan makanike ake cin gasa ko a faɗi.

BAYAN AN TASHI

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar wannan inji. Matatar iskarsa soso ce da ake jiƙawa da wani mai mai danƙo, kuma minti kaɗan na tafiya ba tare da ita ba ya isa ya cinye cizon fistan ɗungum. Ana wanke ta ko a canza ta a kai a kai, ana kuma ɗaure ta da kyau don kada ta faɗi a wurin karo.

Abokiyar gaba ta biyu tsatsa ce. Metanol yana janyo laimar iska, ragowar naitiro kuma tana cin ƙarfe. Idan aka ajiye inji da mai a cikinsa, boris ɗinsa za su yi tsatsa cikin 'yan kwanaki. Don haka idan an gama, sai a zuƙe tanki, a tayar da injin ya ƙone abin da ya saura har ya mutu da kansa, sa'an nan a ɗiga masa man kariya ta kafireta da ramin fulogi, a jujjuya shi. Galan ɗin mai kuma a rufe shi gam a ajiye a inuwa. Ya kamata a sani cewa metanol guba ne mai makantarwa har da kisa idan an sha, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana.

Idan inji ya ƙi juyawa lokacin tayarwa, kada a tilasta shi. Mai ne ya cika silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, dole wani ƙarfe ya lanƙwashe. Sai a cire fulogi, a kifa motar, a juya injin man ya fita, ana kau da fuska. Sauran aikin na duba ne: boris ɗin kuloci da suke saurin ƙonewa, bel da tsakuwa take shiga haƙoransa, kusoshin da suka saki. Kwanrod ana canza shi tun bai karye ba. Fistan da kwansonsa kuwa tare ake canza su, domin tare aka daidaita su a masana'anta.

Tun daga ƙarshen shekarun 2000, motoci masu aiki da lantarki, da sababbin batura na litiyam, sun janye yawancin masu sha'awar wannan wasa, domin ba su da hayaƙi, ba su da ƙara mai damun maƙwabta, ba su kuma da allurar da za a saita. Masu naitiro sun ragu, sai dai gasarsu ta duniya ba ta tsaya ba. Wata sabuwar jarrabawa kuma ta same su daga wajen hukuma. Saboda ana iya sarrafa naitirometan a yi abin fashewa da shi, Tarayyar Turai ta kafa doka wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 2021, inda ta hana sayar wa jama'a man da naitironsa ya wuce kashi 16 cikin 100 bisa nauyi, watau wajen kashi 12 ke nan bisa mudu. Waɗanda suka saba da mai mai ƙarfi sai da suka sake lissafi daga tushe. Mai mai ƙarancin naitiro yana son fulogi mafi zafi da ƙarin matsi, saboda haka aka shiga zare siraran wasar tagulla da ke ƙarƙashin kan silinda, waɗanda kaurin wasunsu bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ana kuma sake neman wurin tsayawar babbar allura.